Faifai ya ƙi farfaɗowa bayan riset: in hana kanel yin riset ɗin ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar saba mai aiki da Linux, da faifan SATA uku a cikinta, biyu masu juyawa, ɗaya SSD. Lokaci-lokaci, musamman in ta tashi daga barci ko ana kwafar manyan fayiloli, sai SSD ɗin ya ɓace. A dmesg, wato saƙonnin kanel, ina ganin COMRESET failed (errno=-16) sau da yawa, daga ƙarshe kuma reset failed, giving up. Ko na sake kunna kwamfutar ba ya dawowa, sai na kashe ta ɗungurungum. Wani ya ce in sa libata.force=norst a layin kanel. Wannan zai magance matsalar? Ni kuma ɗalibi ne mai koyon rubuta direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa na'urori, ina so in gane yadda masu kanel suke kauce wa irin wannan, ko zan iya rubuta facin, wato gyaran lambar kanel, da kaina."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi biyu ne ka haɗa. Ta farko: faifanka yana maƙalewa, kanel, wato zuciyar Linux mai kula da na'urori, yana ƙoƙarin mayar da shi farkon halinsa, wato abin da muke kira riset, ƙoƙarin yana ci tura, to ko hana riset ɗin shi ne mafita? Ta biyu: wace dabara masu rubuta kanel suke bi da na'urar da ba ta amsa riset yadda ƙa'ida ta tanada?

Amsar ta farko gajeriya ce, kar ka sa norst. Kanel ba ya yi wa faifai riset don nishaɗi. Kafin layin COMRESET ɗin da ya ɗauki hankalinka ya bayyana, wani abu ya riga ya lalace, riset ɗin yunƙurin ceto ne kawai. In ka hana shi, saƙon zai daina fitowa, faifan kuma zai ci gaba da maƙalewa, sai dai yanzu ka ɗaure hannun wanda zai ciro shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kafin ka taɓa komai, kwashe bayanan da ke kan SSD ɗin ka ajiye a wani wuri, zan faɗi dalili a gaba.

Abin da ke faruwa a cikin minti ɗayan nan

Kowane umarni da kanel ya aika wa faifai yana da wa'adi. A Linux wa'adin da aka saba shi ne daƙiƙa 30, kana iya ganinsa a /sys/block/sda/device/timeout. In faifan ya yi shiru har wa'adin ya cika, ko kwantirola, wato cif ɗin da faifan ke haɗe da shi, ta kawo rahoton kuskuren da ba a san iyakarsa ba, sai sashen libata, mai kula da faifan SATA, ya daskarar da ƙofar da faifan ke kai, ya miƙa ta ga mai kula da kurakurai. Wannan tsarin Tejun Heo ne, ɗaya daga cikin masu rubuta kanel, ya sake gina shi, ya shiga kanel a 2006, kuma yana zaune a drivers/ata/libata-eh.c. Tunda kana koyo, ka karanta fayil ɗin nan, bayanan da ke gefen lambobinsa sun fi darasi goma.

SATA tana da riset iri biyu. Akwai mai taushi, wanda aka gada tun zamanin faifan IDE: a ɗaga bit ɗin SRST a rajistar sarrafa na'ura, a sauke shi. Wannan saƙo ne da ke bi ta kan layin da ya riga ya haɗu, kuma yana buƙatar faifan ya kasance yana ji. Akwai mai ƙarfi, shi ne COMRESET: direba ya rubuta 1 a filin DET na rajistar SControl, ya riƙe aƙalla milidaƙiƙa ɗaya, ya saki. Kwantirola ta aika siginar COMRESET, faifai ya amsa da COMINIT, su yi musayar COMWAKE, su daidaita kan gudu ɗaya. In komai ya tafi daidai za ka ga SATA link up 6.0 Gbps (SStatus 133 SControl 300). Lambar 133 tana da ma'ana: 3 na ƙarshe na nufin an ga na'ura kuma magana ta ƙullu, 3 na tsakiya gudun 6.0 ne. In ka ga 123 gudun 3.0 ne, 113 kuma 1.5.

Haɗuwar layi ba ita ce ƙarshen zance ba. Dole faifan ya aiko da saƙon da ke cewa ya shirya, ya sauke tutar BSY mai nufin yana kan aiki. Lambar -16 da kake gani ita ce EBUSY: an jira, faifan bai ce ya shirya ba har lokaci ya ƙare. Kanel yana gwadawa sau huɗu, kuma an tsara wa'adin kowanne da gangan: daƙiƙa 10, sai 10, sai 35, sai 5. Goman farko don yawancin faifai masu juyawa sun gama tayar da injinsu a cikinta, 35 don masu nawa, 5 kuma dama ta ƙarshe. Kafin ta ƙarshen yakan rage gudun layin, shi ya sa ake ganin limiting SATA link speed to 3.0 Gbps daf da reset failed, giving up. Jimilla minti guda, sannan ya haƙura ya kashe na'urar a lissafinsa.

Akwai abu ɗaya a bayaninka da ya fi komai nauyi: sake kunnawa ba ya dawo da faifan, sai kashe wuta. Sake kunnawa ba ya yanke wa faifai wuta. Faifai kuwa ƙaramar kwamfuta ce mai masarrafinta da manhajarta ta ciki, wadda ake kira famwaya. COMRESET roƙo ne da ake yi wa wannan manhaja, ba maɓallin kashewa ba ne. In manhajar ce da kanta ta sandare, babu mai amsa roƙon, ko kanel ya yi sau dubu. Don haka zatona ya fi karkata ga famwayar SSD ɗin, ko kuma wutar da ke isa gare shi. Aikinka shi ne gano abin da ke jefa shi cikin wannan hali, domin fito da shi bayan ya faɗa ya fi ƙarfin kanel.

Ka duba sama da layin da ya tsorata ka

Kuskuren da na fi gani a wurin masu kawo irin wannan ƙorafi shi ne su kwafo layukan ƙarshe kawai. Labarin yana a farko, a layin da ya fara da exception Emask. Ka nemo na farkonsa tun daga kunna kwamfutar, da journalctl -k -b -1 in matsalar ta faru kafin kunnawar yanzu.

In a ƙarƙashinsa akwai SError mai ɗauke da kalmomi kamar BadCRC, 10B8B, Dispar ko Handshk, sigina ce ke lalacewa a hanya. Waya, ko mahaɗinta, ko allon bayan akwatin faifai. Ka tabbatar da smartctl -a, ka duba lamba ta 199, wadda ke ƙirga kurakuran CRC. In tana ƙaruwa, sauya waya kafin ka buɗe fayil ko ɗaya na kanel. In PHYRdyChg da CommWake da DevExch ne suka bayyana, layin ne ya yanke ya dawo, wanda yakan nuna faifan ya rasa wuta na ɗan lokaci, ko tsarin tsimin wuta ya yi masa shigar sauri. In kuwa SError babu komai, sai failed command: WRITE FPDMA QUEUED da kalmar timeout, to faifan ya karɓi umarni ya yi gum, nan famwaya ce abar tuhuma. In DATA SET MANAGEMENT ko SEND FPDMA QUEUED ne ya maƙale, umarnin TRIM ne, wanda ke gaya wa SSD guraben da aka daina amfani da su, kuma wannan tsohuwar cuta ce da aka sani a wasu SSD.

Na taɓa ɓata kusan mako guda a kan wata saba mai alamomi irin naka. Na karanta direba, na ƙara jinkiri nan da can, na gina kanel ya fi sau goma. Ashe wayar wuta ce mai rassa, faifai huɗu suna sha daga reshe ɗaya. Duk lokacin da masu juyawa suka tashi tare bayan barci, sai wutar ta ɗan faɗi, SSD ɗin da ke ƙarshen reshen ya rikice ya sandare. Ka lura kai ma kana da masu juyawa biyu, kuma matsalarka tana zuwa lokacin tashi daga barci. Ban ce ita ce ba, amma gwajinta minti biyar ne: ba SSD ɗin reshensa shi kaɗai.

Dabarun kaucewa, daga mai sauƙin illa zuwa mai yawanta

Da ka karanta facin irin wannan da yawa, za ka ga kusan dukkansu ɗayan abu uku suke yi: ko su hana na'urar shiga halin da take maƙalewa, ko su ƙara mata lokaci, ko su sauya irin riset ɗin da ake yi mata. Ta farko ita ce ta fi dacewa da kai.

Fara da tsimin wuta. Duba /sys/class/scsi_host/host0/link_power_management_policy, da sauran host ɗin. In ka ga med_power_with_dipm ko min_power, layin yana shiga gyangyaɗi duk lokacin da babu aiki, wasu faifai kuma ba sa farkawa daga shi lafiya. Rubuta max_performance a ciki ka yi kwana biyu kana lura. Ka tuna manhajoji irin su TLP da powertop suna iya mayar da saitin a bayan idonka. In ba a dace ba, sai NCQ, wato tsarin da ke barin umarni har 32 su yi jerin gwano a faifai lokaci guda. Da libata.force=3.00:noncq za ka kashe shi a faifan da dmesg ke kira ata3.00 kaɗai. Wannan lambar ta gaba tana da muhimmanci, in ka bar ta, dokar ta hau kan dukkan faifanka, ka hukunta masu lafiya saboda mara lafiya. In TRIM ne kawai ke kawo rikicin, noncqtrim, wanda ke hana TRIM kaɗai shiga jerin gwanon, ya isa, ba sai ka yi asarar NCQ gaba ɗaya ba. Sai gudu: libata.force=3:3.0Gbps yana rufa wa layi mai rauni asiri. Ga faifai mai juyawa kusan ba a jin bambancin, ga SSD kuwa kusan rabin gudunsa ka bayar.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda. In ka zuba huɗu tare matsalar ta tafi, ba ka san wanne ya yi aikin ba, kuma ba ka da abin da za ka rubuta a faci.

Su nohrst mai hana riset mai ƙarfi, da nosrst mai hana mai taushi, da norst mai hana duka biyun suna da wurinsu, amma ƙunci ne da shi. Amfaninsu shi ne inda wani nau'in riset ɗin ne da kansa yake kawo ɓarnar, ɗayan kuma yana aiki. Misali na gaske yana cikin libata-pmp.c: a na'urar rarraba ƙofa ta Silicon Image 3726, riset mai taushi yakan maƙale a wasu yanayi, don haka kanel ba ya yin sa a ƙofofinta, ya dogara da mai ƙarfi. Alamar da za ta sa ka gwada nosrst ita ce softreset failed alhali riset mai ƙarfi yana wucewa lafiya. Kai ba haka naka yake ba. Faifanka ya riga ya mutu kafin riset ɗin ya iso.

Akwai wata matsala da ke kama da taka a fuska amma maganinta akasin haka ne, kuma ta shafi faifanka masu juyawa in RAID ka haɗa su, wato ka sa suna aiki tamkar faifai ɗaya. Faifan kwamfutar tebur in ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa, yakan nace yana gwadawa fiye da daƙiƙa 30. Kanel ya ɗauka ya mutu, ya yi masa riset a tsakiyar aiki, faifan bai amsa ba don hankalinsa na kan gurbin, RAID ya kore shi alhali gurbi ɗaya ne ya lalace. Magani shi ne a gaya wa faifan ya haƙura da wuri da smartctl -l scterc,70,70, wato daƙiƙa 7, in yana karɓar wannan umarni. In ba ya karɓa, a ɗaga wa'adin kanel zuwa 180. A nan kanel ne ya yi gaggawa.

Yadda masu kanel suke yi

Linux yana riƙe da jerin na'urori masu lalura. A libata jerin yana cikin libata-core.c, kowane layi da sunan samfurin faifai, da sigar famwaya in an san ta, da tutocin abin da za a kauce wa. Shekaru da dama ana kiran tutocin ATA_HORKAGE, sai a 2024 aka sauya su zuwa ATA_QUIRK, don haka za ka ga sunayen biyu dangane da kanel ɗin da kake karantawa. Lalurar kwantirola kuma tana cikin ahci.c da libahci.c, inda ake ba wasu cif nasu aikin riset na daban.

Wanda na fi so in nuna wa ɗalibai shi ne ahci_avn_hardreset, na cif ɗin Intel Avoton. An lura cewa da wasu SSD, bayan COMRESET filin DET yakan tsaya a 1, ma'ana an ga na'ura amma magana ba ta ƙullu ba, kuma maimaita riset ba ya motsa shi. Sai aka lura cewa sauke direban a sake loda shi yana gyara lamarin. Da an tsaya a nan da sai a ce wa mutane su riƙa sake loda direba. Amma aka bi diddigi: a cikin duk abin da lodawa ke yi, wanne ne maganin? Aka gano kashe ƙofar da sake kunna ta ne a rajistar PCS. Facin sai ya yi wannan kaɗai, a wannan cif kaɗai, kuma sai in an ga DET ya tsaya a 1 bayan riset. Ka ga yadda aka matse shi ta fuska uku. Haka na kwantirolar ATI SB600, wadda riset mai taushi yakan faɗi a kanta in an aika shi da adireshin mai rarraba ƙofa alhali faifai ne kai tsaye a wurin. Direba ba ya daina gwadawa, sai ya ga alamar wannan kuskure takamaimai sannan ya maimaita da adireshi 0. VIA VT8251 kuma ba ta sauke BSY bayan riset mai ƙarfi, sai aka sa a bi shi da mai taushi.

Wani lokaci laifin ba na faifai ba ne shi kaɗai, ba kuma na kwantirola ba, na haɗuwarsu ne. A 2021 aka ƙara tuta da ke kashe NCQ a Samsung 860 da 870, amma sai in suna kan kwantirolar ATI. Mai irin faifan a kan wata kwantirola bai rasa NCQ ba.

A NVMe, wato SSD masu haɗuwa ta layin PCIe maimakon SATA, labarin ɗaya ne da wasu sunaye. Riset ɗin kwantirola shi ne a sauke bit ɗin EN a rajistar CC, a jira RDY na rajistar CSTS ya koma 0, a sake ɗaga EN, a jira RDY ya zama 1. Na'urar da kanta take faɗin iyakar lokacin da za a jira ta a filin TO na rajistar CAP, da ma'aunin milidaƙiƙa 500. Sai aka sami wasu katunan HGST da Samsung PM1725 da ba sa jure a leƙa CSTS nan take bayan an sauke EN. Tutar NVME_QUIRK_DELAY_BEFORE_CHK_RDY ba ta yin komai sai jiran milidaƙiƙa 2300 kafin leƙen farko. Maganin ke nan gaba ɗayansa, jira. A matakin PCIe ma akwai irinsa a drivers/pci/quirks.c: ƙa'ida ta ce a jira milidaƙiƙa 100 bayan riset ɗin FLR, wanda ke mayar da na'urar PCIe ɗaya farkon halinta, amma Intel DC P3700 sai an ba shi ƙarin 250, Samsung SM961 da PM961 kuma sai an fara kashe kwantirolar NVMe ɗin kafin a yi FLR. Masu miƙa faifai kai tsaye ga kwamfutar cikin kwamfuta ta hanyar VFIO su suka fi cin karo da waɗannan, don su ne ke yin FLR a kai a kai.

In wata rana ka ga controller is down; will reset: CSTS=0xffffffff, ka sani wannan ba ƙimar rajista ba ce ta gaske. Duk bit ya zama 1 ne saboda babu wanda ya amsa a kan PCIe, na'urar ta faɗi daga layi. Sau da yawa barci mai zurfi ne na APST, tsarin tsimin wutar NVMe, wanda Linux ya fara amfani da shi a siga ta 4.11 a 2017. Kanel ɗin yanzu da kansa yakan ba da shawarar a gwada nvme_core.default_ps_max_latency_us=0 tare da pcie_aspm=off da pcie_port_pm=off, sannan a kai rahoto. Mutane sukan yi rabin farko su manta da kai rahoton, alhali da rahoton ne ake samar da tuta irin NVME_QUIRK_NO_DEEPEST_PS, wadda ke hana matakin barci mafi zurfi kawai, a samfurin da abin ya shafa kawai.

Na USB ba zan daɗe a kai ba tunda ba shi ka tambaya ba. Tsakanin faifai da kwamfuta akwai cif mai fassara, kuma shi ne yawanci ke maƙalewa. In ka ga uas_eh_abort_handler da reset SuperSpeed USB device suna maimaituwa, usb-storage.quirks=lambar-kamfani:lambar-samfuri:u zai mayar da akwatin kan tsohuwar hanya mai umarni ɗaya-ɗaya. Ba Linux kaɗai ke fama ba: a Windows wannan ne ke fitowa a matsayin aukuwa mai lamba 129, FreeBSD kuma yana da nasa jerin masu lalura a sashen CAM.

In za ka rubuta facin

Kar ka fara da lamba, fara da hujja. Kana buƙatar hanyar tayar da matsalar da gangan, ko da madauki ne na rtcwake da ke kwantar da kwamfutar ya tashe ta sau 50, ko fio da ke matsa wa faifan lamba. Matsalar da ke zuwa sau ɗaya a mako ba a iya cewa an gyara ta don ta yi shiru kwana uku. Sannan ka raba masu laifi: SSD ɗin a wata ƙofa, a wata kwamfuta, wani SSD a wannan ƙofar. In matsalar ta bi faifai, wurin facin jerin libata-core.c ne. In ta zauna a ƙofa, direban kwantirola ne. In sai sun haɗu, sai ka duba yadda aka yi na ATI. In kuma da tsohon kanel babu matsalar, to ba tuta ake buƙata ba tukuna, git bisect ake buƙata, wato binciken da ke gano sauyin da ya kawo matsalar, domin wataƙila wani sauyi ne ya kunna abin da da yake a kashe. Ka kuma duba ko kamfanin ya fitar da sabuwar famwaya. In ta gyara, tutar ta tsaya a kan tsofaffin sigogi.

Wajen rubutun kansa, abu uku nake ja wa ɗalibai kunne a kai. Aikin riset a libata ana miƙo masa iyakar lokaci, ka mutunta ta, kar ka rubuta madaukin jira mara ƙarshe, domin na'urar da ta mutu za ta tafi da mai kula da kurakurai gaba ɗaya, duk abin da ke jiran wannan ƙofar ya tsaya. Mai kula da kurakurai yana gudu ne a zaren da aka yarda ya yi barci, don haka ka yi jira da ata_msleep, ba da mdelay mai riƙe masarrafi yana juyi a banza ba. Na uku, duk lambar jinkirin da ka sa ka iya bayyana inda ka samo ta: a nawa ya faɗi, a nawa ya fara wucewa, nawa ka ƙara don kariya. Masu kula da sashen za su tambaya, kuma scripts/get_maintainer.pl zai gaya maka su wane ne. Ka haɗa da cikakken dmesg na kafin faci da na bayansa, da sunan samfuri da sigar famwaya kamar yadda faifan ya faɗe su harafi da harafi.

Jarabar da ke kama sabon shiga ita ce ya ɗaga wa'adin kowa da kowa, ko ya sa jinkiri a hanyar da duk faifai ke bi. Yana aiki a kwamfutarsa, amma daƙiƙa biyun da ya ƙara za su hau kan kowace kwamfuta a duniya a duk kunnawa da duk tashi daga barci, saboda samfuri ɗaya. Ba za a karɓa ba, kuma daidai ne a ƙi.

Iyakar abin da zan iya ce maka daga nan

Ban ga layukan farko na dmesg ɗinka ba, kuma su ne za su raba tsakanin waya, wuta da famwaya, don haka abin da na ba ka tsarin bincike ne, hukuncin yana hannunka. Tsarin da zan bi in ni ne: kwafin bayanai, reshen wuta na daban da sabuwar waya, max_performance, sabuwar famwaya in akwai, sannan noncqtrim ko noncq a wannan faifan kaɗai.

Dalilin da ya sa na sa kwafin bayanai a gaba shi ne wannan. Bayan riset mai nasara kanel yana sake tambayar faifan sunansa da lambarsa da girmansa, ya tabbatar shi ne dai, ya maimaita umarnin da suka maƙale, kuma yawanci ba a rasa komai. Amma a halinka riset ba ya nasara, kashe wuta kake yi. Abin da faifan ya ce ya karɓa amma yana nan a ma'ajiyarsa ta wucin gadi bai kai ga rubutawa ba, ya tafi ke nan. Kundin ext4 ko XFS zai kare tsarin fayilolin, ba lallai ya kare abin da ke cikin fayil ɗin da kake rubutawa a lokacin ba. Kowace maƙalewa caca ce da bayananka.

In ka bi duk matakan nan, ka kai SSD ɗin wata kwamfuta mai wuta lafiya da waya lafiya, NCQ a kashe, tsimin wuta a kashe, ya sake sandarewa har sai an yanke masa wuta, to babu facin da za ka rubuta masa. Cire shi daga sabar. Amma kar ka jefar da shi, tunda direbobi kake koya: faifan da ke maƙalewa duk lokacin da ka so shi ne abin da za ka sa a kwamfutar gwaji, ka zuba saƙonnin bibiya a ata_eh_reset, ka kalli daƙiƙa 10, da 10, da 35, da 5 ɗin nan suna wucewa da idonka.